Kiɗan Wasannin Yunanawa: Yadda Ya Ɓace, da Yadda Aka Yi Ta Neman Sa

Mawaƙan wasan kwaikwayo huɗu ne na birnin Atina, a ƙasar Yunan wadda ake kira Girka yanzu, waɗanda wasanninsu suka tsira tun daga ƙarni na biyar da farkon na huɗu kafin Miladiyya har suka iso hannun mutanen wannan zamani. Ana danganta wasanni bakwai ga Eskilos, bakwai ga Sofokilis, 19 ga Yurifidis, 11 ga Aristofanis, jimla 44 ke nan. Yau ana karanta su a makarantu kamar kowane littafi, ɗalibi yana zaune shiru da fensir a hannu. Amma waɗanda suka yi su ba domin karatu suka yi su ba. Babban kashi na kowane wasa rerawa aka yi, da busa da rawa, kuma mutum guda ne ya tsara kalmomin, ya sa musu rauji, watau hawa da saukar murya a cikin rerawa, sa'an nan ya koya wa 'yan rawa takun da za su yi. Kalmomin sun tsira, raujin kuwa ya salwanta, in ban da 'yan gutsattsari waɗanda ba za su cika shafi guda ba.

Nufin wannan takarda shi ne ta bi diddigin yadda aka yi wannan kiɗa, da dalilin ɓacewarsa, da abin da makaɗan baya suka shafe fiye da shekara ɗari huɗu suna yi domin su cike gurbinsa. Tambaya guda ce ta ratsa labarin tun daga farko har ƙarshe: in kalma da rauji sun haɗu a bakin mawaƙi, wane ne zai bi wani? Shekarun da aka bi da harufan K.M. kafin Miladiyya ke nan, lissafinsu baya-baya yake tafiya.

Mawaƙi, Makaɗi, Malami

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Maris, mutanen Atina sukan yi babban biki na gunkinsu Diyonisos, a cikin bikin kuwa har da gasar wasan kwaikwayo. Bisa ga lissafin magabatansu an fara gasar wasan ban tausayi wajen 534 K.M., wani mai suna Tesfis ya ci. Mawaƙa uku ake zaɓa, kowa ya kawo wasannin ban tausayi uku da na raha guda a ƙarshe. Mawaƙin da yake son shiga gasa yakan je wurin hakimin da ke kula da bikin ya roƙi a ba shi koros. Koros ƙungiya ce ta 'yan gari masu waƙa suna rawa, asalin kalmar ma rawa take nufi. Filin da suke takawa shi ne orkestira, watau wurin rawa, sunan da Turawa suka ara daga baya suka ba taron makaɗa. A wasan ban tausayi mutum 12 ne a cikin koros, Sofokilis ya mai da su 15, a wasan ban dariya kuwa 24 ne. Dukansu maza ne, kowa ya rufe fuskarsa da wata fuska ƙerarriya.

Ana iya kwatanta su da 'yan amshi, amma kwatancin ba ya nisa. 'Yan amshi suna karɓa wa jagoransu ne. Koros kuwa mutane ne a cikin labarin, ko dattawan gari, ko matan da aka kamo a yaƙi, suna da nasu dogayen baitoci waɗanda babu mai fara musu.

Ɗawainiyar ciyar da su da tufatar da su a watannin koyo hakimi yakan ɗora wa wani attajiri, abin kuwa girma ne ga wanda aka ɗora wa. A 472 K.M., sa'ad da Eskilos ya kawo wasan Farisawa, wanda ya ɗauki ɗawainiyar shi ne Perikilis, yana saurayi, tun bai zama jagoran birnin ba. A cikin takardun gasar cewa ake yi mawaƙi ya koyar da wasa, sunansa kuwa didaskalos, watau malami. Wani marubuci na baya mai suna Atenayos ya ce Eskilos da kansa ya ƙago takun rawa masu yawa yana koya wa 'yan koros ɗinsa.

Makaɗi guda ne yake raka su, yana busa abin da suke kira aulos. Bututu biyu ne ake sa wa a baki tare, kowane da ɗan kara mai leɓe biyu a kansa irin na algaita. Turawa sun daɗe suna fassara sunan da sarewa, alhali kuwa muryarsa ta fi kusa da ta algaita nesa ba kusa ba. Muhawarar 'yan wasa faɗinta ake yi a cikin wani ma'auni wanda Aristo ya ce ya fi kowane kusa da maganar yau da kullum. Abin da ake rerawa shi ne shigowar koros, da waƙoƙin da suke raba kashi-kashi na wasan, da makokin da ɗan wasa da koros suke yi suna karɓa wa juna.

Abin da Harshe Ya Ba Makaɗi

Wanda yake so ya gane aikin waɗannan mawaƙa sai ya fara da harshensu, don kuwa Yunananci na wancan zamani ya riga ya yi wa makaɗi rabin aikinsa. Abu na farko shi ne nauyin gaɓa. Gaɓoɓinsa iri biyu ne, mai nauyi da marar nauyi, a wajen rerawa kuma ƙa'ida ita ce mai nauyi ta ɗauki lokacin marasa nauyi biyu. Saboda haka da zarar an jera kalmomi a baiti, bugun waƙar ya riga ya fito, ƙafar ɗan rawa ta san inda za ta sauka. Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtar wannan ba, domin tsawon wasali yana cikin abin da ya raba masa garin da ake zama da garin da ake tuƙa tuwo, kuma tun 1949 Joseph Greenberg ya nuna cewa a kan nauyin gaɓa aka gina ma'aunin rubutacciyar waƙar Hausa. Ta wannan fuska bugun waƙoƙin Eskilos bai ɓace ba, yana nan kwance a cikin rubutun.

Abu na biyu shi ne karin sauti. A cikin kowace cikakkiyar kalma ta Yunananci akwai gaɓa guda wadda murya takan hau a kanta, ko kuwa ta hau ta sauko. Diyonisiyos na Halikarnasos, malamin balaga wanda ya zauna a Rum daga 30 K.M., ya ce tazarar hawan takan kai kusan matakai biyar na tsanin murya. Karin yakan raba ma'ana, kamar yadda ya raba kukan yaro da kukar miya a Hausa. A 408 K.M., a cikin wasan Orestis na Yurifidis, wani ɗan wasa mai suna Hegelokos ya kuskure karin kalma guda. Maimakon ya ce ya hango kwanciyar teku bayan hadari, sai aka ji ya ce ya hango wata 'yar dabba mai kama da tunku. Mawaƙan ban dariya suka yi shekaru suna yi masa ba'a. Kunnen mutanen Atina ke nan.

To, a nan matsalar take. Waƙoƙin koros bibbiyu suke zuwa. A rera baiti, sa'an nan a rera takwaransa wanda ma'auninsa daidai yake da na farko gaɓa da gaɓa, amma kalmominsa dabam. Galibin masana suna ganin rauji guda ake rera su biyun da shi. In haka ne, raujin ba zai iya bin karin kalmomin baiti biyu a lokaci guda ba, tun da inda murya ta hau a wannan ba lalle ne ta hau a wancan ba. Dole wani ya sakar wa wani. Diyonisiyos ɗin nan ya ɗauko wata waƙa daga cikin Orestis ya nuna wuraren da rauji ya danne karin kalma, ya yanke cewa a wajen kiɗa kalma ce take bin rauji.

Rigimar Sabon Kiɗa

Ba kowa ne ya yarda da haka ba. A kashi na ƙarshe na ƙarni na biyar wani salo ya shigo Atina wanda masana suke kira sabon kiɗa, babban jagoransa shi ne Timoteyos na Miletus. Masu wannan salo sukan sauya tsanin murya a tsakiyar waƙa, su kwaikwayi ƙarar hadari ko kukan mutum da kayan kiɗa, su ja gaɓa guda a kan muryoyi da dama. Yurifidis ya rungumi salon a wasanninsa na ƙarshe, ya yawaita dogayen waƙoƙi na ɗan wasa shi kaɗai, waɗanda ba su da baiti da takwara, sai gwanin mawaƙi yake iya su. Aristofanis ya yi masa shaguɓe a wasan Kwaɗi a 405 K.M., ya sa ana jan wasali guda har sai masu kallo sun fashe da dariya. Bayan su Aflatun ya kafa hujja cewa wajibi ne rauji da bugu su bi kalma, ya ɗauki saɓa wa wannan a kan alamar lalacewar gari.

Jama'a dai sun so waƙoƙin. Fulutak ya ba da labari cewa bayan da aka karya rundunar Atina a Sirakus ta tsibirin Sisili a 413 K.M., waɗansu daga cikin kamammun sun sami 'yanci, waɗansu sun sami abinci da ruwa, saboda baitocin Yurifidis da suka haddace. Ya kuma ce a 404 K.M., sa'ad da waɗanda suka ci Atina suke shawarar rushe ta, wani mutumin Fokis ya rera waƙar shigowar koros daga Elektira ta Yurifidis a wurin walima, zuciyarsu ta karaya. Ko labaran nan sun faru yadda aka faɗa ko an ƙara musu gishiri, sun nuna cewa mutanen dā da waƙa suke tuna Yurifidis.

Amma sabon kiɗa ya jawo wani abu. Da waƙa ta koma hannun gwanaye masu cin abinci da ita, koros na 'yan gari ya fara ja da baya. Aristo ya ce tun daga Agaton aka fara saka waƙoƙin da ba su da dangantaka da labarin wasa. A cikin kofen wasannin ban dariya na Menanda, wanda ya yi zamani a ƙarshen ƙarni na huɗu, inda koros zai yi waƙa kalma guda kawai aka rubuta mai nuna cewa nan wurin koros ne, ba a ko damu da rubuta baitocin ba.

Yadda Ya Ɓace

Ba gobara ce ta cinye kiɗan ba, ba kuma yaƙi ba. Sannu a hankali aka bar shi a baya, kuma masu ilmi ne suka bar shi. Aristo, wanda ya rasu a 322 K.M., ya lissafa rukunai shida na wasan ban tausayi, ya sa tsarin labari a kan gaba, ya ɗauki waƙa a kan mafi girman abubuwan da suke ƙara wa wasa zaƙi, sa'an nan ya ce ana iya gane ƙarfin wasa ta karatu kawai. Wajen 330 K.M. Likurgos ya sa aka ajiye kofe na hukuma na wasannin Eskilos da Sofokilis da Yurifidis don kada 'yan wasa su riƙa sauya kalmomi. Jalinusu likita ya ba da labari cewa Batlimusu na Uku, sarkin Masar, ya ari waɗannan littattafai bisa jinginar talanti 15 na azurfa, ya riƙe su a Iskandariya, ya mayar da sabon kofe, ya bar wa mutanen Atina kuɗin. Malaman Iskandariya suka tace nassin, kuma ga ɗayansu, Aristofanis na Bizantiyum, ake danganta ƙago alamun karin sauti da yanka waƙoƙi ɗango-ɗango. Nassin da ya gangaro daga hannunsu kalmomi ne zalla.

Ba wai Yunanawa ba su da hanyar rubuta kiɗa ba. Suna da iri biyu, ɗaya ta murya, ɗaya ta kayan kiɗa, ana ɗora alamun a bisa gaɓoɓi, kuma jadawalin wani mai suna Alifiyos wanda ya bayyana su ya tsira. Sai dai wannan sana'ar makaɗa ce, malaman nahawu ba su koye ta ba. Har Aristokzenos, almajirin Aristo, wanda ya fi kowa rubutu a kan ilmin kiɗa, ya raina masu ɗaukar iya rubuta alamu a kan shi ne sanin kiɗa. Rauji a baki yake tafiya daga malami zuwa almajiri, ran da aka daina rera shi kuwa ya tafi.

Sa'an nan harshen kansa ya sauya. A cikin ƙarnonin farko na Miladiyya bambancin dogon wasali da gajere ya shafe a bakin masu magana, hawan murya ya koma ƙarfin furuci. Ɗalibin birnin Kustantiniya yana ganin alamun kari a takarda, amma kunnensa bai taɓa jin abin da suke nufi ba. Malaman makaranta suka zaɓi 'yan wasanni kaɗan don koyar da nahawu da balaga, su aka yi ta kofewa, galibin abin da ya iso yau daga cikin wannan zaɓi ya fito. An ce Sofokilis ya yi wasanni fiye da 120, ga shi bakwai suka rage.

Italiyawa Sun Shiga Nema

Da ilmin Yunananci ya farfaɗo a Italiya, masu karatu suka yi ta cin karo da labaran ikon kiɗan dā a kan zukata, suka rasa abin da za su saurara. A 1585 aka buɗe gidan wasa na Olimfiko a garin Vicenza, wanda Palladio ya zana, da wasan Sarki Edifus na Sofokilis cikin Italiyanci. Andrea Gabrieli ne ya sa wa waƙoƙin koros rauji. Ya bar salon zamaninsa na muryoyi masu sarƙewa da juna, ya sa dukan muryoyin suna faɗin kowace gaɓa lokaci guda, don a ji kalmomin.

A Fulorans kuwa wata majalisa ta masana da makaɗa tana taruwa a gidan Giovanni de' Bardi. Suna samun haske daga wasiƙun Girolamo Mei, masanin Yunananci da ke Rum, wanda ya fara rubuto wa Vincenzo Galilei, mahaifin shahararren masanin taurarin nan, a 1572. Mei yana ganin kiɗan dā rauji guda ne ba tare da haɗin muryoyi ba, a nan ya yi daidai. Yana kuma ganin wasan ban tausayi rera shi ake yi daga farko har ƙarshe, a nan masanan yau ba su bi shi ba. A 1581 Galilei ya buga waɗansu waƙoƙin yabo na Mesomidis, mawaƙin fadar sarki Hadiriyan, tare da alamun kiɗansu na asali, amma bai iya warware alamun ba. Daga wannan zato na Mei Jacopo Peri ya nemi wata hanya tsakanin magana da waƙa, inda rauji yake bin hawa da saukar maganar mutum, kayan kiɗa suna tallafa masa a hankali. Ya gwada ta a Dafne wajen 1598, da Euridice a 1600, Monteverdi ya biyo da Orfeo a Mantua a 1607. Haka aka haifi ofera, watau wasan da ake rerawa dukansa. Sun fita neman wasan Yunanawa, suka komo da wani abu sabo wanda Yunanawa ba su taɓa yi ba, dalilinsu kuwa shi ne na Aflatun, cewa rauji ya bi kalma.

Gwajin da ya fi kusa da nassin dā a Jamus aka yi shi. Sarkin Furusiya, Friedrich Wilhelm na Huɗu, ya yi umarni a nuna Antigoni ta Sofokilis, aka nuna ta a fadarsa ta Potsdam ran 28 ga Oktoba, 1841. Ludwig Tieck ya shirya wasan, masani August Böckh ya ba da shawara, aka yi aiki da fassarar Donner wadda ta riƙe ma'aunan asali, Mendelssohn ya yi kiɗan. Abokinsa Eduard Devrient ya ce da fari ya yi niyyar sa koros su rera da murya guda da 'yan kayan kiɗa kaɗan, don kwaikwayon mutanen dā, sai ya ga abin zai gundure masu sauraro, ya bari. Ya raba mawaƙa maza 16 gida biyu, wannan ya ɗauki baiti, wancan ya ɗauki takwaransa, da cikakken taron makaɗa a bayansu. Ya riƙe bugun Sofokilis gwargwadon abin da Jamusanci zai ɗauka, domin Jamusanci da ƙarfin furuci yake auna waƙa, raujin kuwa na zamaninsa ne tsantsa. Rawa ta kusa fita daga lissafi. Wasan ya karɓu ƙwarai, aka kai shi Faris a 1844 da Landan a 1845.

Abin da Ƙasa Ta Mayar

Duk wannan an yi shi ba tare da kowa ya ga ɗango guda na ainihin kiɗan wasan ban tausayi ba. A cikin shekara goma abin ya sauya. A 1883 aka sami wani dutsen kabari kusa da Aydin a ƙasar Turkiyya, ɗauke da gajeriyar waƙar Sekilos da alamunta cikakku. A 1892 Karl Wessely ya buga wani guntun takardar fafirus, irin wadda Misirawa suke yi da ciyawar bakin Nilu, wanda ke ajiye a Viyana. An rubuta shi wajen 200 K.M., yana ɗauke da yankin ɗango bakwai daga waƙar koros ta Orestis da alamun kiɗa a bisansu. A 1893 Faransawa masu haƙa a Delfi suka tono waƙoƙin yabo biyu na gunkin Afolo a jikin dutse, waɗanda aka sassaƙa a kashi na biyu na ƙarni na biyu K.M. Daga baya, a 1973, aka buga wani guntu da ke Leiden mai ɗauke da yanki daga Ifijiniya a Aulis, shi ma na Yurifidis. Kundin da Egert Pöhlmann da Martin West suka fitar a 2001 ya tara guntaye wajen 60 na kiɗan Yunanawa, galibinsu yagaggu.

Da taimakon jadawalin Alifiyos aka karanta su, suka kuma amsa tsohuwar tambayar ta fuska biyu. Waƙoƙin Delfi ba su da baiti da takwara, a cikinsu rauji yana girmama karin kalma: gaɓar da murya take hawa a magana ba ta zama ƙasa da 'yan'uwanta na cikin kalmar, inda kari yake hawa ya sauko kuwa sau da yawa akan ba gaɓar muryoyi biyu, ta farko sama da ta biyu. Guntun Orestis yana cikin waƙa mai takwara, raujinsa kuwa bai lizimci karin kalmomi ba, kamar dai yadda Diyonisiyos ya faɗa. A cikinsa akwai wasali da aka rubuta sau biyu don a ja shi a kan muryoyi biyu, abin da Aristofanis ya yi wa shaguɓe. Alamunsa suna nuna matakai ƙanana matsattsu, waɗanda masana da yawa suke karantawa a kan rabin rabin mataki, abin da molo mai tsayayyun matakai irin fiyano ba zai iya fitarwa ba. Watau Yunanawa ba ƙa'ida guda suka bi ba, sigar waƙa ce take yanke wanda zai bi wani. In an rera guntun nan ba zai kai minti guda ba.

Ƙarni na Ashirin

Guntayen sun ƙosar da masana, amma ba su ishi mai shirya wasa ba, saboda haka makaɗa suka ci gaba da ƙagowa, kowa da hanyarsa. Waɗansu suka nemi abin da ya rage a raye a ƙasar Girka. A bikin Delfi na 1927 Eva Palmer da mijinta, mawaƙi Angelos Sikelianos, suka nuna Furometiyus Ɗaurarre. Ita ta ɗebo tsayuwa da motsin 'yan rawa daga zanen jikin tukwanen dā, Konstantinos Psachos ya gina rauji a kan tsanin waƙar cocin Bizantiyum. Ribar wannan gwaji ita ce koros ya komo yana waƙa yana rawa a lokaci guda.

Waɗansu suka nemi nisa da baƙunta. A wannan shekara ta 1927 Stravinsky ya fitar da nasa Edifus a Faris, ya sa aka juya nassin Jean Cocteau zuwa Latin da gangan, don ya sami harshen da ba a magana da shi, ya sarrafa gaɓoɓinsa yadda ya ga dama. A 1949 Carl Orff ya nuna Antigoni a Salzburg bisa fassarar Hölderlin, da fiyano shida da tarin ganguna da ƙararrawa, mawaƙa suna daɗewa a kan murya guda, bugu ne yake jan ragama.

Waɗansu kuma suka mai da nauyin a kan jiki. Martha Graham a Amurka ta yi rawa a kan labarin Mediya a 1946 da kiɗan Samuel Barber, da labarin Jokasta a 1947 da kiɗan William Schuman, da Kilitemnestira a 1958 da kiɗan Halim El-Dabh, mutumin Masar. Al'adarta ita ce ta rubuta wa makaɗi tsarin abin da zai faru, shi kuma ya yi kiɗan a kansa. A fagen wasan waƙa na zamani Stephen Sondheim ya sa wa Kwaɗi waƙoƙi a 1974, aka nuna shi a tafkin iyo na jami'ar Yale. A 1983 Lee Breuer da Bob Telson suka mai da Edifus a Kolonus wa'azi da waƙar coci irin ta baƙaƙen Amurka, inda jagora da masu amsawa suka samar wa koros gida na gaske. A Nijeriya ma Ola Rotimi ya kai labarin Edifus ƙasar Yarabawa a 1968 da waƙoƙinsu.

Abin lura a cikin dukan waɗannan shi ne aikin da didaskalos guda yake yi ya rabu a hannun mutum uku ko huɗu: mai fassara, da makaɗi, da mai tsara rawa, da mai shirya wasa. Kowane zamani ya cike gurbin da kiɗan da kunnensa ya saba da shi, waɗanda suka fi dacewa kuwa su ne waɗanda suka sami wata al'ada mai rai ta rera waƙa cikin taro suka jingina da ita.

Abin da Ya Shafi Malamin Hausa

Hausa tana da abubuwa biyun nan da Yunananci ya taɓa mallaka ya rasa, watau nauyin gaɓa da karin sauti, rubutun boko na yau da kullum kuwa ba ya nuna ko ɗaya daga cikinsu a kan wasali. Ta wannan wajen shafin Hausa ya fi na malaman Iskandariya tsiraici, don su sun sa alamun kari. In an rubuta waƙar Narambaɗa ba kotso, ko ta Shata ba kalangu, aka tsallake amshi don yana maimaituwa, aka ba ɗalibi ya fitar da jigo da salo, to, hanyar Likurgos da malaman Kustantiniya aka kama. Naɗar murya ta ba wannan zamani abin da Yunanawa ba su samu ba, amma faifan da ba a sa wa ɗalibi ya saurara ba daidai yake da jadawalin Alifiyos a hannun malamin nahawu.

Tambayar Diyonisiyos kuma tana jiran mai yi wa waƙar Hausa ita, mawaƙi bayan mawaƙi: a ina rauji yake bin karin kalma, a ina yake danne shi, kuma shin amshi mai maimaituwa da ɗan waƙa mai sauyawa hali guda suke yi? Ɗalibin kwalejin horon malamai zai iya fara wannan aiki da waƙa guda. Ya rubuta ta da alamun kari da na tsawon wasali, ya nuna inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa, ya faɗi sunan abin kiɗan da wurin da aka yi ta da shekarar, ya ajiye naɗin muryar tare da takardar.